Ciwon Da Na Kira Olsa

Ibadan,
12 ga Afrilu, 1999.

Zuwa ga ƙanwata Hannatu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata kina lafiya, da maigidanki Samuel, da 'yata Deborah. Yaya zafin Wudil, yaya fama da marasa lafiya? Ni ma lafiya ƙalau, sai kewar gida. Baba ya rubuto mini daga Biliri, ya ce ƙafar ƙaninsa, wato mahaifinki, ta yi sauƙi har yana zuwa coci da kansa. Mun gode wa Allah.

Bayan haka, alfarma nake nema. Kin san ba za a ba ni takardar ƙwarewa a kan ciwon zuciya ba sai na gabatar da bincike. Na zaɓi bugun zuciya, wato sa'ad da jijiyar da ke kai wa zuciya jini ta toshe farat ɗaya. Manyanmu a nan da yawa cewa suke yi ciwon Turawa ne, bai cika kama mutanenmu ba. Ni kuwa zargina shi ne yana kama mu, gane shi ne ba ma yi.

An ba ni izini in tattara bayani daga ƙananan asibitoci shida, har da naku. Ga fom na haɗo miki. Ki bi katunan shekara biyu da suka wuce, ki fito da duk babban mutumin da ya zo da ciwon ƙirji ko na saman ciki, sannan ya rasu ko aka tura shi Kano. Abin da nake so kaɗan ne: yaushe ciwon ya fara, yaushe ya iso, wa ya fara ganinsa, me aka ba shi, kuma yana raye bayan kwana talatin ko a'a. Ba a sa sunan kowa, lamba kawai. Shugaban asibitinku zai buga hatimi.

Na san ke nas ce mai tsanaki, shi ya sa ban nemi kowa ba sai ke.

Yayanki,
Istifanus.

*

Wudil,
20 ga Mayu, 1999.

Yaya Istifanus,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Mu duka lafiya. Deborah ta yi ƙyanda amma ta warke, yanzu sai ɓarna. An yi ruwan farko shekaranjiya. Gari kuma ba a maganar komai sai ta sojoji za su miƙa mulki, kowa da nasa hasashen.

Ga fom bakwai na cika. Katunanmu sun sha wuya, wasu gara ta ci rabi, na yi iyakar ƙoƙarina.

Akwai na takwas, ban saka shi ba tukuna, don ina son shawararka. Wani dattijo ne daga Kausani, Malam Babba, manomi, yana kuma kawo shanu kara, wato kasuwar dabbobi, ranar kasuwa. A watan Fabrairu, wata Juma'a da hantsi, aka kawo shi yana dafe da ƙahon zuci. Gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, ya yi amai sau ɗaya. Likitanmu, kuma shi kaɗai muke da shi, ya tafi taro Kano. Wata abokiyar aikina ce a bakin aiki, mutane kuma sun cika baranda saboda kasuwa. Ta tambaye shi, ya ce tun asuba bai sa komai a cikinsa ba sai goro, kuma dama yana da olsa. Ta ba shi farin maganin nan na ruwa, ya zauna kamar rabin awa ya ce ya ji dama-dama. Ta ce ya je gida ya ci abinci. Washegari da safe aka dawo da shi a mota, kafin a shigo da shi ɗaki ya cika. A kati an rubuta olsa.

Da nake cika sauran fom ɗin, sai na ga nasa ya yi kama da su ƙwarai. Yaya kake gani? Ya shiga cikin abin da kake nema, ko a bar shi a yadda kati ya ce? Ita matar tana da iyali, kuma ba 'yar jihar nan ba ce.

Ƙanwarka,
Hannatu.

*

Ibadan,
9 ga Yuni, 1999.

Hannatu,

Ina gaishe ku duka, ina taya mu murnar ganin farar hula a kan mulki. Allah ya sa ya ɗore. Sannu da jinyar Deborah.

Fom ɗinki sun fi na kowa tsafta. Na nuna wa malamina, ya yaba.

Game da na takwas, babu wata shawara, shi ne ma ainihin abin da nake nema. Dattijo, da gumi irin wannan, da amai, a ba shi maganin olsa a ce ya tafi gida! Da an ba shi asfirin ya tauna, an sa shi a mota, Kano ba ta kai awa ɗaya ba daga wurinku. Raina ya ɓaci da na karanta. Wannan ba kuskure ba ne, sakaci ne. Irin wannan ma'aikaciya ba ta cancanci a bar mata ran mutum a hannu ba. Kin ce tana da iyali. Shi dattijon ba shi da iyali ne?

Kada ƙawance ya sa ki rufa mata asiri. Ba haka aka rene mu ba. Ki cika shi yadda abin ya faru, ki aiko.

Yayanki,
Istifanus.

*

Ibadan,
28 ga Yuli, 1999.

Ƙanwata,

Ina fata lafiya. Mako bakwai ke nan ban ji daga gare ki ba. Na tambayi gida, sun ce su ma shiru. Ko jikin Deborah ne ya tashi? Ko wasiƙata ce ba ta iso ba? In matar nan ce take tayar miki da hankali, ki faɗa mini, ina da wanda zan yi wa magana a ma'aikatar lafiya. Ki rubuto ko layi biyu ne.

Istifanus.

*

Wudil,
15 ga Agusta, 1999.

Yaya,

Muna lafiya, babu wanda ke kwance. Wasiƙunka duka biyu sun iso. Ta farkon na karanta ta har na haddace.

Kada ka yi wa kowa magana a ma'aikata. Babu wata abokiyar aiki. Ni ce. Ni na ga Malam Babba, ni na ba shi maganin, ni na ce ya tafi gida. Har na yi masa wasa, na ce ya rage goro. Ya yi dariya ya ce, "To 'yata, na ji." Na ga gumin, Yaya. Na ce a raina zafin kara ne. Wallahi kafin fom ɗinka ya zo ban taɓa kawo wa raina zuciya ce ba. Na ɗauka olsar ce ta fashe masa.

Akwai abin da ban faɗa maka ba. 'Yarsa Fatsuma maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu. Shekara huɗu da suka wuce da muka sauka a garin nan ba mu san kowa ba, ita ta fara leƙo mu da ƙwaryar tuwo. Ita ke riƙe mini Deborah in ina bakin aiki, har yarinyar Umma take ce mata. Ranar zaman makoki na je Kausani gaisuwa. Ta kama hannuna a gaban mata ta ce, "Ga wadda ta duba Baba. Da ya dawo gida sai sa mata albarka yake yi, ya ce hannunta da sauƙi." Mata suka yi ta yi mini addu'a. Tun daga ranar, duk Juma'a sai ta aiko mini da fura. Har yanzu ƙwaryar nan tana zuwa, kuma ba dama in mayar.

Ga kuma wurin aiki. Sabuwar gwamnati ta kafa kwamitin tantance ma'aikata, suna bin asibiti-asibiti. Ka san ni kwantiragi nake yi, duk shekara biyu ake sabuntawa, kuma nawa zai ƙare a Oktoba. Na kai wa shugabanmu Malam Sabo fom ɗin da fensir, don ya gani kafin in sa biro. Ya karanta, ya tashi ya rufe ƙofa.

Ya ce, "Sista, kati ya ce olsa, likita ya sa hannu."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai babu suna a jiki."

Ya ce, "Akwai kwanan wata, akwai lokaci. Wa ya rasa sanin wanda ke bakin aiki ranar? Kuma ba ke kaɗai ba ce a cikin takardar nan. Za a tambayi ina likita ya tafi ranar kasuwa, za a tambayi wa ya ba shi izini. Mu uku ne. Ni da shi 'yan gida ne, za a yi mana faɗa a bar mu. Ke fa?"

Ba mugun mutum ba ne. Da tausayi ya faɗa.

Samuel ya ce in yi shiru, wanda ya mutu ba zai dawo ba. Na nemi canjin wurin aiki, aka ce ba a motsa kowa sai kwamiti ya gama. In ajiye aikin kuwa, ina za mu? Makarantar da Samuel ke koyarwa a nan take. Don haka kullum da safe ina bi ta ƙofar Fatsuma, ta ce, "Maman Deborah, an tashi lafiya?" in amsa, in wuce in zauna a kan kujerar da na zauna ranar.

Ka ce irin wannan ba ta cancanci a bar mata ran mutum ba. Na yarda da kai. Amma gobe Litinin da ƙarfe takwas za a sake kawo mini marasa lafiya, kuma babu wata da za ta zauna a madadina.

Hannatu.

*

Ibadan,
2 ga Satumba, 1999.

Ƙanwata Hannatu,

Ina gaishe ki da gaisuwa ta mai laifi. Na sake ɗauko wasiƙarki ta Mayu, na ga kin rubuta cewa matar ba 'yar jihar ba ce. Nas nawa ne a asibitinku ba 'yan jihar ba? Ya kamata in gane. Ina zaune a inda akwai na'urar auna zuciya a kowane ɗaki, da likitoci biyar a gefena, na yanke miki hukunci. Ki yafe mini.

Ba zan yi miki ƙarya ba, don za ki gane. Ina kyautata zaton zuciya ce. Amma ko da an kai shi Kano, babu mai rantsuwa cewa zai tashi.

Bari in faɗa miki abin da na samu. Fom hamsin da biyu suka zo daga sauran asibitocin. Goma sha tara daga ciki, olsa aka fara kiran ciwon. Shida cikin waɗannan likita ne ya gan su, ba nas ba. Na nemo littafin da aka koyar da ku da shi a makaranta, maganar bugun zuciya ba ta cika rabin shafi ba, kuma babu inda aka ce yana iya zuwa ta ciki. Kalmar sakaci da na rubuta, na janye ta.

Daga yau, duk wanda ya haura arba'in ya zo da ciwon ƙirji ko ƙahon zuci, da gumi mai sanyi, ko ciwon na sauka hannu ko haɓa, ki tambaye shi ko yana aman jini ko baƙin bayan gida. In babu, ki ba shi asfirin ya tauna, ki tura shi Kano nan take. Kada ki jira ki tabbatar.

Na takwas kuwa, na cire shi daga aikina. Bincikena ba zai rushe don fom ɗaya ba. Ki yaga shi, ki riƙe aikinki.

Yayanki,
Istifanus.

*

Wudil,
17 ga Oktoba, 1999.

Yaya,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya, an fara yankan dawa. Na yafe maka, dama ban riƙe ka ba.

Na san don ka sauƙaƙa mini ka ce in yaga. Amma da na karanta sai na ji abin ya fi na da nauyi. Mutum goma sha tara an rubuta gaskiyar abin da ya same su, shi kuma Malam Babba a bar shi a olsa don nas ɗin ƙanwar mai binciken ce? Ga shi nan cikin ambulan, da biro. Na ajiye shi a teburin Malam Sabo na ce ba zan ɗauka ba sai da hatimi. Ya riƙe shi kwana goma sha biyu. Ranar da ya kira ni, ya buga bai dube ni ba, ya ce, "Allah ya rufa mana asiri." Na ce amin.

Kwamiti ya zo. Malam Sabo bai ɓoye musu ba, tunda ya san kwafi zai zo wurinka. An ba ni takardar gargaɗi. An sabunta mini kwantiragi na wata shida maimakon shekara biyu, kuma babu canjin wuri. Likita ya daina amsa gaisuwata sai da ka.

Da na ga magana ta shiga bakin ma'aikata, na san za ta isa unguwa. Gara ta ji daga bakina. Ranar Asabar da la'asar na shiga wurin Fatsuma, na same ta tana tankaɗe. Ta jawo mini tabarma. Na ce ba zama ya kawo ni ba. Na faɗa mata komai a tsaye: cewa ba olsa ba ce, zuciya ce, alamun suna nan a gabana ban gane ba, kuma kamata ya yi in tura shi Kano.

Ta ajiye rariya.

Ta ce, "Da kin tura shi, da ya rayu?"

Na ce, "Ban sani ba. Wataƙila."

Ta ce, "Kwanan Baba ne ya ƙare, wannan na sani, ba ke kika halicce shi ba. Yaushe kika gane?"

Na ce, "Tun watan Mayu."

Ta ƙirga da yatsunta. Ta ce, "Wata biyar. Wata biyar kina karɓar furata, ina tsayawa a gaban mutane ina yabonki, kina jina."

Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da takalman Deborah da ɗan kwanonta da ke zama a can, ta miƙo mini. Ba ta ɗaga murya ba.

Yanzu Deborah tana bi na asibiti, tana zama wurin masu shara. Kullum sai ta tambaye ni me ta yi wa Umma. Muna jin muryar Fatsuma ta katanga, tana jin tamu. Famfo ɗaya muke ɗiban ruwa. In ta hango ni sai ta jira in gama. Samuel ya nemi wani gidan haya, babu wanda ke kusa da makaranta da asibiti, don haka muna nan.

Ban yi nadamar faɗa ba. Amma in ka yi zaton zan ce na samu sauƙi, ban samu ba.

Ƙanwarka,
Hannatu.

*

Wudil,
29 ga Nuwamba, 1999.

Yaya Istifanus,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Na samu taka ta farkon wata, na gode da addu'a, na kuma ji daɗi da malaminka ya yarda a buga 'yar takardar alamun bugun zuciyar nan a raba wa ƙananan asibitoci. Ka aiko mana da yawa, da Hausa.

Ga fom na tara.

Ranar Alhamis ta makon jiya ina hutu, ina wanki a tsakar gida bayan azahar, sai ga Fatsuma ta faɗo ko mayafi ba ta daidaita ba. Mako shida rabon da ta tako gidan nan. Ta ce, "Ki zo. Yaya Isyaku ne." Wan mijinta ne, magini, yana yi musu gyaran soro. Na same shi zaune a ƙasa ya jingina da bango, fuskarsa ta yi fari-fat, gumi na zuba. Mijinta yana cewa a kawo madara, olsarsa ce ta tashi. Shi ma Isyakun cewa yake yi a bar shi ya huta, yunwa ce.

Na ce a raina, in fa olsar ce da gaske, na ba shi asfirin jini ya ɓalle? Ka ga na kashe mutum biyu a gida ɗaya. Na yi masa tambayoyin da ka ce. Babu jini. Na ce ciwon yana zuwa wani wuri? Ya shafa hannunsa na hagu.

Na ruga gida na ɗauko asfirin na ce ya tauna. Mijin Fatsuma ya tare ni ya ce, "Ke ce dai ta wancan karon." Na ce, "Ni ce." Sai Fatsuma ta ce masa, "Malam, nemo mota." Ya dube ta, ya dube ni, ya fita.

Muka tafi mu huɗu, ina riƙe da wuyan hannunsa tun daga gadar Wudil har Kano. Na'ura ta nuna zuciya ce. Likitan ya tambayi wa ya ba shi asfirin, na ce ni, ya ce to. Ciwo ya fara da ƙarfe ɗaya da kwata, ya tauna magani da ƙarfe biyu saura, an kwantar da shi uku da rabi. Jiya mijin Fatsuma ya gaya wa Samuel cewa Isyaku yana zama, yana shan kunu, har ya fara mitar a sallame shi. Kwana talatin ba su cika ba, zan rubuto maka in sun cika.

Mijin ya zauna jinya, ni da Fatsuma muka hau motar haya muka dawo kafin magariba. Kujera ɗaya, kafaɗa na gugar kafaɗa, har muka hango kogin Wudil. Sannan ta yi magana, tana kallon taga.

Ta ce, "Kada ki ɗauka na huce. Ina roƙon Allah ya ba ni iko, bai ba ni ba tukuna."

Na ce, "Na sani."

Ta ce, "Da na ga gumin nan, ban yi shawara da kowa ba. Na duba garin nan kaf, babu wanda na tabbata ba zai ce mini olsa ba sai ke."

Na ce, "Na gode."

Ta ce, "Ba don ki gode na faɗa ba."

Muka sauka a tasha, muka tako tare har unguwa. Ta shiga ƙofarta, na shiga tawa.

Ka gaishe da malaminka. Ka ci gaba da sa mu a addu'a, mu da maƙwabtanmu.

Ƙanwarka,
Hannatu.